Sunan da Na Ara a Dumega

Kashe abin nan, Salisu, na gani. Sau uku ke nan kana kunna mini shi, sau uku kuma na yi dariya, ban ɓoye ba. Ƙato da babbar riga ya zame cikin taɓo, ai ko liman ne sai ya dara. To amma tsaya in tambaye ku, kai jikana da abokan nan naka da kuka kwaso ƙafa tun daga Yamai: ni da na gama kallo yanzun nan, wa kuka ce in zaɓa? Wallahi taɓon na riƙe, sunan mutumin ya zube a hanya. Kun ce ku ke yi wa 'yan takara talla a telbijin, kun ce abin ba wuya, a ba mutane dariya kawai sai suna ya zauna. Ku gyara zama. Ni na yi wagga sana'a tun ba a san akwatin hoto ba a ƙasar Arewa. Kasuwa ce telbijin ɗinmu, kuma na san abin da dariya take yi wa sunan mutum.

Ni ɗan kama ne, wato mai ba da dariya a kasuwa, a hannun Baba Cindo na nan Tibiri na koya. Ubana manomi ne, bai so ba, ya ce ɗan da ya ajiye hauya ya ɗauki takobin icce ya ɓata. Shekara uku ina bin Baba Cindo kafin ya yarda in buɗe baki gaban jama'a. Kayan aikinmu duka a buhu guda suke: 'yar ganga da ake ratayawa a wuya, takobin icce, tabarau marar gilashi, da wata jar hula da wani tsohon soja ya ba shi. Sai bututun kwano da wani maƙeri ya naɗe mana kamar mazurari, in ka sa baki a ciki muryarka ta kai har layin masu dabbobi. Fatar gangar ta ɗan akuya ce, da damina takan saki, sai ka kanga ta a wutar mai tsire kafin ka fara. Ba kusa sosai ba fa, in ba haka ba ta tsage ta bar ka da baki kawai.

Ranar da ya fara sakina, a kasuwar Dumega ce. Akwai wani mai gishiri da ke ɗingishi, na bi bayansa ina kwaikwayon tafiyarsa, kasuwa ta ɗauki shewa. Har na fara jin na iso. Sai na ji takobin icce a ƙeyata, ƙwal! Baba Cindo ya ja ni bayan rumfa ya ce, "Kai, Gado, abin da Allah ya yi wa mutum ba naka ba ne. Abin da mutum ya yi da kansa, shi ne abincinka." Ya sa na koma na ɗaukar wa mai gishirin kayansa har gida. A hanyar dawowa ya faɗa mini abu biyu. Ya ce wasa ƙafa biyu gare shi, ta farko ta kayar da mutum, ta biyu ta tashe shi, wanda ya iya ta farko kaɗai ɗan iska ne, ba ɗan kama ba. Ya ce kuma duk abin da ka faɗa a kasuwa bai zama magana ba sai ka ji shi a bakin mata wajen daka. In ya shiga lugude, to ya zauna, ko kai da ka sa shi ba ka iya fitar da shi.

Da aka sami mulkin kai sai sana'armu ta sami sababbin iyayen gida. Nasara ya tafi, kujeru sun fito, kowa yana son a san da shi. Jam'iyya ɗaya ce a lokacin, amma kada ku ɗauka ba a takara. A cikin gida ake yin ta, kafin a aika suna sama. Masu hali sukan ɗauki maroƙa, a yi ta "ɗan wane, jikan wane, giwa mai karya icce". To kirari duk ɗaya ne, wanda aka yi wa wane jiya shi za a yi wa wane gobe, mutum ya koma gida bai san giwar wa aka kira ba. Mu kuwa 'yan kama in muka manna wa mutum abu, ya mannu. Baba Cindo ya tsufa a lokacin, ƙafa ta ƙi, ya miƙo mini buhun ya ce in je in ci zamanina.

Aikin da nake son ku ji, wata safiya ya same ni a ƙofar gida ina ɗinke bakin jar hular nan, don ta yi mini yawa, da na fara rawa sai ta rufto mini a ido. Wani dogon Bafillace ya yi sallama, da wandon kaki, sanda a kafaɗa. Na san shi. Dikko ne, mai allurar shanu na wajen Dumega. Yana yaro aka kama shi aka kai lakwal, wato makarantar boko, da ƙarfi, ya fito ya shiga aikin dabbobi, yana bin rugage da akwatin allura a kan wani ramammen doki. Ni Ba'are, wato ɗan ƙasar nan ta Arewa, shi Bafillace, kun san taubasai muke, duk abin da muka faɗa wa juna ba a fushi.

Na ce, "A'a, bawana, yau nono ya ƙare ne ka zo roƙon tuwo?"

Ya ce, "Ina Ba'are ya ga tuwon ba baƙo? Zuwa na yi in ba bawana aiki, don na ga zaman banza ya yi masa yawa."

Ya zauna ya faɗa mini. Za a zaɓi wanda zai wakilci ƙauyukan wajenmu a majalisar gunduma a Dogon Dutsi, shi ma ya shiga takarar. Shi ba kujerar ce ta dame shi ba. A kan burtalin da shanu ke bi gabas da Dumega babu rijiya ko guda. Da rani makiyaya sai sun kutsa cikin gari su shayar a rijiyar da mata ke ɗiba, kowace shekara sai an yi faɗa, wata shekarar har da jini. Ya ji a wurin aikinsa cewa gwamnati za ta gina rijiyoyin siminti, kuma wanda ke zaune a majalisa shi ke nuna wuri. Ya ce, "Ni ban iya tsayawa in yabi kaina ba, bakina ba ya yi. Manoma kuma ba su san ni ba. Shanu suka san ni, shanu kuwa ba su ɗaga hannu."

Na ce to, da wane suna za mu fita? Don Dikko ba suna ba ne, ku yaran birni ba ku sani ba. Haka Fulani ke kiran ɗan fari, saboda uwa da uba ba su faɗin sunansa na yanka, kunya ce. Ka jefa tsakuwa a kowace rugga, kan wani Dikko za ta faɗa. Da na tambaye shi sai ya sunkuyar da kai, ya zaro fensiri daga aljihu, ya yagi takarda ya rubuta wani abu ya miƙo mini. Ya ce, "Ga shi nan, shi ne a wurin hukuma." Mutumin da bai taɓa jin sunansa a bakin uwarsa ba, nauyinsa yake ji ko a nasa bakin. Ni kuma ko baƙi guda ban sani ba. Amma in ce wa taubashina ban iya karatu ba, ya sami abin yi mini dariya har kabari? Ina! Na sa tabarau marar gilashi, na dubi takardar sama da ƙasa, na ce, "Na gani, suna mai kyau." Da ya tafi na ninke ta na cusa a bakin hular da nake ɗinki, na ɗinke. Hula kuwa ta zauna daram.

A ganina sunan takarda na 'yan biro ne, masu aikin ofis, ni abin da zai shiga lugude nake nema. Kwana biyu ina bin Dikko wajen allura ko zan sami inda zan kama shi. Babu. Mutum ne da ba ya cin abinci gaban mutane, ba ya gardama, ba ya sauri. Ko tuntuɓe bai yi ba, Allah ya isa! Rana ta uku muna shan fura a inuwar wani gawo, sai na ga ya ɗaga kai ya dubi iccen, ya yi murmushi shi kaɗai. Na ce mi ne ne? Ya ce ba komai. Na matsa masa. Sai ya ce bara waccan, a daidai wurin nan, ya zo zai yi wa wata jar saniya allura, mai sabon ɗa, ta tsinke igiya ta biyo shi. Ya jefar da sanda ya haye gawon nan, ƙaya ko ba ƙaya, takalmi guda a ƙasa. Saniya ta tsaya a gindi tun hantsi har azahar. Da ta gaji ta juya, ya sauko, ya lallaɓa ya yi mata allurar, sannan ya zauna cirar ƙaya.

Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba, fura na zuba. Bafillace, saniya ta kore shi! Abin nema ya samu.

Ya ce, "Taubashi, ba wanda ya gani sai mai saniyar, shi kuma ya rufa mini asiri."

Na ce, "Rijiya kake so ko asiri?"

Ya tona ƙasa da sanda. Can ya ce, "In zai kawo rijiya, ka faɗa. Amma aro na ba ka, Gado. Sunana ne da mutuncina. In an gama, ka maido mini."

Na ce ai ka ɗauka ya dawo.

Mako guda na yi ina haɗa wasan. Na samo wandon kaki, na fiƙe karan dawa mai tsawon hannu ya zama allura. Wani mahauci abokina ya yarda ya riƙa yafa jar fata, ya riƙe ƙaho biyu a ka. In kasuwa ta cika, daidai lokacin da mata suka gama sayen gishiri ba su kai ga tashi ba, sai in fito ina tafiyar nan ta Fulani, a hankali, sanda a kafaɗa, ina lallashin saniya da murya mai sanyi. Sai ta juyo. Sai in yi cilli da sanda, in zagaya rumfa sau biyu, in ɗare ginshiƙi, takalmi guda a ƙasa. Ba a saurin saukowa, nan ne gwanintar. Ka bari dariyar ta kai inda mutane ke riƙe ciki, ta fara sauka, sannan ka sauko kana karkarwa, ka bi saniya ta baya ka caka mata karan. Daga nan in ɗauki bututu.

"Wa saniya ta kora?"

"Hau-Gawo!"

"Wa ya sauko ya yi mata allura?"

"Hau-Gawo!"

"Wa zai sauko mana da ruwa a burtali?"

"Hau-Gawo!"

Ku ƙirga da kanku: hau, ga, wo. Bugu uku ne, daidai taɓarya uku a turmi guda. Ba haka kawai na zaɓe shi ba. Kuma suna ne da kowa ke iya faɗi, ba sunan mijin wata ba ne, ba na surukin wata ba, ba na ɗan farin wata ba. Ko uwar Dikko tana iya faɗinsa in ta ga dama.

Na kai wasan Tibiri, na kai shi Dumega, na kai shi babbar kasuwar Dutsi, ni da jakina da mahaucina. Kai, zamani! Ina ma kun ga kasuwannin nan a lokacin, mutum ya yi tafiyar rabin yini don ya sayi allurar ɗinki guda ya kuma ji abin da ɗan kama ya zo da shi. Fulani da kansu suka fi kowa dariya, don daga bakin taubashi ya fito. Da wani ne ya yi shi ba Ba'are ba, da sanda ta yi magana. Ban yi wata guda ba, ina wucewa ta bayan wani ƙauye na ji taɓare na tashi, mata na amsawa: Hau-Gawo, Hau-Gawo. Na tsayar da jaki na saurara har suka gama. Wani mutum daga Lugu, inda ban taɓa kai wasan ba, ya tare ni yana ba ni labarin, wai kwana uku Bafillacen ya yi a kan iccen ana jefa masa fura a gora. Manoma suka fara tsayar da Dikko a hanya suna ba shi ruwa, suna tambayarsa lafiyar ƙaya. Shi kuwa sai ya yi murmushi ya ce da sauƙi. Na dai lura da abu guda: a wajen daka, korar suke rerawa, ba su rera saukowar. Ban damu ba a lokacin.

Ranar zaɓe aka tara wakilan ƙauyuka a filin lakwal na Dogon Dutsi, da hantsi. 'Yan takara uku ne, aka shigar da su aji aka rufe, don kada wani ya ji nauyin ɗaga hannu a gaban wani. Mu masu ganga wani gardi, mai gadin hukuma, ya tsare mu a bakin ƙofa, ya ce ko tari muka yi sai gidan kaso. Na hau kan jakina ina leƙe ta saman katanga. Wani komi da aka aiko daga Doso, wato mai karanta takardun hukuma, ya hau kan tebur ya ce zai kira suna ɗaya bayan ɗaya, in an kira naka ka ɗaga hannu, sau ɗaya tak. Na dubi taron hankalina kwance, don mafi yawa namu ne. Wasu ma tun a hanya suke ta Hau-Gawo ƙasa-ƙasa.

Ya kira na farko, wani mai sayen gyaɗa, hannuwa kaɗan suka tashi. Ya kira na biyu, da lanƙwasar harshen nan ta 'yan lakwal, wani suna da ban taɓa ji ba. Hannu biyu kacal: wani tsohon Bafillace a can gefe, da wani tsohon mushe, wato malamin lakwal, da ya daɗe da barin koyarwa. Har na yi dariya a raina, na ce wanga bawan Allah wa ya aike shi? Ya kira na uku, wasu 'yan hannuwa. Mutanenmu na zaune, hannu a cinya, suna jira. Ni ma ina jira. Sai komi ya ninke takarda ya sauko daga tebur.

Wuri ya yamutse. "Ina Hau-Gawo?" "Ba a kira Hau-Gawo ba!" Komi ya ce shi ba shi da wani Hau-Gawo a takardarsa, nan ba kasuwa ba ce, suna uku aka ba shi, uku ya kira. Aka ce to Dikko fa? Ya ce babu Dikko. Sai tsohon mushen ya miƙe ya ce, "Jama'a, ai shi ne na biyun! Na ɗauka kun sani!" Aka ce a sake. Komi ya ce doka ba ta san sakewa ba, ya riga ya rubuta. Mai gyaɗa ya ci. Daga baya na tare tsohon Bafillacen nan, ashe kawun Dikko ne, na ce, "Baffa, kai da ka sani, mi ya hana ka ɗaga murya?" Ya dube ni kamar na zage shi. Ya ce, "Ɗan farin ƙanwata ne. In tashi cikin taro in yi ta nuna shi da baki?"

Aka buɗe aji, Dikko ya ratsa mutane ya zo inda nake. Bai ɗaga murya ba, ban ma taɓa jin ya ɗaga ba.

Ya ce, "Taubashi, takardar da na ba ka fa?"

Na kai hannu na taɓa hulata. Ya dubi hular, ya dube ni, ya gane.

Ya ce, "Ashe ba ka iya karatu ba."

Na ce, "Ban iya ba."

Ya ce, "Da ka faɗa."

Na ce, "Kai ma da ka faɗa."

Ya yi 'yar dariya ya ce, "To, ko ba komai ta sha ɗumi." Ya kwance dokinsa ya tafi. Wallahi da zagina ya yi, da ya fi mini sauƙi. Na cire hular a wurin na jefa a buhu, ban sake sa ta ba.

Shekarar ba ta yi mini daɗi ba. Rijiyar siminti ta zo, aka gina ta kusa da inda mai gyaɗa ke auna kayansa, burtali ko ɗigo bai samu ba. Ni kuma ba wanda ya sake kirana aikin farfaganda. Aka ce ga mutumin da ya sa ƙasa duka ta san ɗan takara, ya kuma kayar da shi. Maroƙan da na raina suka sami abin yi, in na shiga kasuwa sai su ce ga malam mai karatu da ƙeya. Na koma na ɗauki hauyar da ubana ya ce. Na je gaida Baba Cindo, yana kwance, na kwashe duka na faɗa masa. Bai yi mini faɗa ba. Abu guda ya ce: "Gado, mai tambaya ba ya ɓata. Ni ma ban iya karatu ba, amma ban taɓa ce wa kowa na gani ba." Bayan 'yan shekaru ruwan sama ya ƙi, rijiyoyin gari suka ja baya, aka hana makiyaya shiga. Na ga Dikko a kan burtalin nan da akwatinsa yana bin shanun da suka kwanta, allura kuwa ba ta maganin ƙishirwa. A haka wani ya wuce a kan jaki ya ce masa, "Hau-Gawo, sannu da aiki." Ya ce yawwa.

Na yi ƙoƙarin mayar masa da aronsa, kada ku ce ban yi ba. Na je wurin tsohon mushen nan na ce ya faɗa mini sunan da baki, na haddace. Na ɗauki bututu na bi kasuwanni, Tibiri, Dumega, Dutsi, ba wanda ya ɗauke ni, ina kiran sunan gaskiya ina cewa shi ne mai allurar shanu. Mutane su tsaya, su jira wurin dariya, su ga babu, su wuce. Wani ya ce, "Wa kake nufi? Au, Hau-Gawo!" Suna marar dariya ba shi da ƙafa. Wancan kuwa ya riga ya shiga lugude. Ɗiyansa suka tashi ana ce musu ɗiyan Hau-Gawo. Ɗiyarsa ta yi aure can wajen Dutsi, aka ce an kawo ɗiyar Hau-Gawo. Mutumin da bai taɓa gudun aiki ba, da gudu guda aka san shi.

Bai taɓa riƙe ni ba. Na koma sana'ata daga baya, na yi wasan biki da na suna har gwiwa ta ƙi, kuma duk ranar kasuwar Dumega sai mun haɗu a rumfar mai fura. Da ya hango ni sai ya ce, "Bawana, ina arona?" In ce, "Yana hanya." Mu yi dariya, mu zauna. Wagga ita ce gaisuwarmu har muka yi furfura. Yau da za a ce in ba da sauran haƙoran nan in sake jin tambayar nan sau ɗaya, wallahi da na bayar. Ina kewarsa ƙwarai.

Rasuwarsa a kasuwar nan ta Tibiri na ji ta. Ina zaune wurin masu igiya, sai mai shela ya zo yana cewa wane ɗan wane ya riga mu gidan gaskiya jiya a rugga gabas da Dumega, gobe za a yi addu'a. Da sunan takarda ya faɗa, domin da shi ɗiyansa suka aiko. Ni na gane sunan. Na duba hagu, na duba dama, ciniki kawai ake yi. Mai igiya yana gardama kan tsawon igiya, mai barkono yana auna barkono. Mutumin da ya yi wa shanun ƙasar nan allura tun yana saurayi, ba wanda ya ko ɗaga kai. Na ce a'a, haka ba ta yiwuwa. Ba ganga, ba bututu, na sa aka kama ni na hau kan buhun hatsi, na tattara sauran muryata.

"Wa saniya ta kora?"

Kasuwa duka ta juyo, har waɗanda ba a haifa ba lokacin da aka yi abin. "Hau-Gawo!" Ga dariya, ga shewa, an ɗauka tsohon ɗan kama ya tuna ƙuruciya.

"Wa ya sauko ya yi mata allura?"

"Hau-Gawo!"

Na ce, "To shi ne aka yi wa shela yanzu. An binne shi jiya."

Ban taɓa jin kasuwa ta yi shiru irin na ranar ba. Wata tsohuwa mai daddawa da dariyar ba ta gama barin bakinta ba, ta ɗora hannu a ka. Washegari burtalin nan ya cika da mutane, manoma da makiyaya, inuwar gawo ba ta ishe su ba. Na tsaya na faɗa musu sunansa na gaskiya sau uku, ranar sun saurara. Amma kafin mako ya zagayo, sai na ji ana cewa Allah ya jiƙan Hau-Gawo.

Saboda haka ku da kuke cewa abin ba wuya, ban ce ku daina ba da dariya ba, dariya ta fi kirari kama kunne, ni shaida ne. Amma wancan mutumin naku na cikin taɓo, kun tambaye shi ko zai iya zama cikinsa har ya mutu? Kun kayar da shi, ina ƙafar da za ta tashe shi? Kuma sunan da ke kan takardar zaɓe, shi kuka sa a bakin mutane ko wani?

Salisu, shiga ɗaki, bayan ƙofa akwai wani tsohon buhu a rataye. Yawwa, ita ce, jar. Miƙo mini reza. A hankali, zaren ya ruɓe, ni na ɗinka shi da hannuna. Ga ta nan. Kada ka ja, buɗe ta a tafin hannunka. Fensirin ya dushe, amma kai da aka kai lakwal ba da ƙarfi ba, ai ka iya gani. Mi aka rubuta?

Idirisa Altine. Haka ne. Ƙara faɗa, da ƙarfi, kunnena ya yi nauyi. Ku ma ku faɗa, kada wanda ya yi dariya.

Taubashi, ga aronka.